Kafin a biya kuɗin canza furosesar laftof, a fara sanin ko tana ciruwa

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina gaishe ka da aiki, kai da ma'aikatanka. Ni mai gyaran kwamfuta ne a nan Kano, na kusa shekara ashirin a wannan sana'a, tun zamanin da ake yayin Pentium 4, muna sauke manyan kwamfutocin tebur daga motocin Legas. Ban saba rubuta wa jarida ba, hannuna ya fi sabawa da sukundireba. Wani abu ne ya faru a shagona makonni biyu da suka wuce, ya tsaya mini a rai, na ga idan na yi shiru ina da kaso a cikin alhakin.

Wata ɗaliba ce ta shigo tare da yayanta. Tana ajin ƙarshe a jami'a, tana karanta zanen gine-gine. Kwamfutarta HP EliteBook 840 G1 ce, ta hannu, irin waɗanda ake ce wa London yus a kasuwa. Ta ce mini, "Baba, idan na kunna ta sai in je in yi alwala in dawo ba ta gama tashi ba, manhajar zanen nan AutoCAD kuwa sai ta ga dama take buɗewa." Kafin ta zo wurina ta riga ta je wurin wani mai gyara, ya ce mata ai matsalar furosesa ce, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, samfurin i5 gare ta, aikin zane kuwa sai babbarta i7. Ta tattara abin da take da shi, mahaifiyarta ta cika mata daga kuɗin adashi, ta kai masa. Bayan kwana biyu ya miƙo mata kwamfutar da sabuwar sitika mai ɗauke da i7 a gefen kibod. Idan aka shiga bayanan Windows ma, i7 ake gani a rubuce. Nauyin dai yana nan yadda yake.

Tun ban kwance noti ko ɗaya ba na san abin da aka yi mata, domin furosesar wannan samfurin ba ta ciruwa. A liƙe take da bod, wato babban allon da kayan cikin kwamfuta ke zaune a kansa, da dalma, tun daga masana'anta. Na saka wata ƙaramar manhaja da ake kira CPU-Z, wadda kyauta ce kuma daga jikin furosesar take karanto bayani kai tsaye, na juyo musu da fuskar kwamfutar. Ga ta nan ƙarara: i5-4300U, ita ce dai wadda aka sayo kwamfutar da ita. Sitika aka manna, aka kuma sauya sunan da Windows ke nunawa, abin da yaron shago ma zai iya yi cikin minti biyar. Yayan ya miƙe tsaye a fusace, sai da na zaunar da shi na ba shi ruwa. Ita kuwa ba ta ce komai ba, hawaye kawai take sharewa da gefen hijabi. Ba zan faɗi sunan mutumin ko layin da yake ba, tsakaninsa da Allah. Amma ba shi kaɗai ke wannan aika-aika ba, kuma abin da ke ba su dama shi ne mutane ba su san abu guda ɗaya ba: mafi yawan laftof ɗin da ke hannunmu yau ba a canza musu furosesa.

Da can ana canzawa. Wannan ne ma ya sa maganar ta zauna a kan mutane, domin wanda ya taɓa ganin an yi a 2013 zai rantse maka har gobe ana yi. A wancan lokacin kamfanin Intel yana yin furosesar laftof mai allurai a ƙasanta, ɗaruruwa, tana zama a cikin wani gurbi da muke kira soket, a kulle ta da noti ɗaya. Kowane sabon jerin furosesa da Intel ta fitar muna ce masa zubi. Zubin farko na Core i3, i5 da i7 suna zama a soket G1. Zubi na biyu na 2011 da na uku na 2012 suna amfani da G2. Zubi na huɗu na 2013 yana da G3, kuma shi ne na ƙarshe. Daga zubi na biyar zuwa yau, Intel ba ta sake fitar da furosesar laftof mai soket ba, duk liƙawa ake yi. Haka abin yake a ɓangaren AMD, ɗayan kamfanin furosesa: tsofaffin Turion da jerin A6, A8 da A10 na wajen 2011 zuwa 2013 akwai masu ciruwa a cikinsu, amma duk Ryzen ɗin da aka ƙera domin laftof a liƙe yake. MacBook kuwa ba a ma magana. Tun da Apple ta fito da furosesarta M1 a 2020, hatta ram ɗin, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da ake kan yi, a haɗe yake da furosesar. Akwai wasu 'yan tsirarun manyan laftof na masu wasan gem, masu kauri da nauyi, da aka saka wa furosesar kwamfutar tebur, kamar Alienware Area-51m ta 2019, amma a shekaruna na aiki da wuya ka ga irinsu a teburin mai gyara a nan.

Kamfanonin suna da dalilinsu. Soket yana cin wuri, mutane kuma suna son kwamfuta siririya mara nauyi wadda batirinta ke daɗewa. Ni dai a matsayina na mai gyara ban ji daɗin sauyin ba, domin ya mayar da abin da ake gyarawa da sukundireba ya zama sai an sayi bod sukutum. Amma jin daɗina ko rashinsa ba ya sauya abin da ke cikin kwamfutar mutum.

To yaya mutum zai gane tasa? Ba sai ya buɗe ba. Ya duba cikakkiyar lambar furosesar, ba i5 ko i7 kawai ba. A misali i5-3320M: lambar farko bayan ɗan layin nan, wato 3, ita ce zubi, harafin ƙarshe kuma shi ne ke faɗin irinta. Idan ka ga M ko QM a zubi na biyu da na uku, ko M da MQ a zubi na huɗu, akwai kyakkyawan zaton tana ciruwa. Idan ka ga U, ko Y, ko HQ, ko H, to ka haƙura, a liƙe take. MQ da HQ suna rikita mutane ƙwarai: i7-4700MQ tana ciruwa, i7-4700HQ ba ta ciruwa, alhali kusan ƙarfinsu ɗaya. Na ce "kyakkyawan zato" da gangan, domin harafin M ba tabbaci ba ne. ThinkPad X220 da X230 suna ɗauke da furosesa mai M, amma saboda ƙanƙantarsu liƙa ta aka yi. 'Yan uwansu manya, T420 da T430, suna da soket. Haka Dell Latitude E6420, E6430 da E6440 suna ciruwa, E7440 ba ta ciruwa. A HP, EliteBook 8460p da 8470p da ProBook 4540s suna ciruwa, amma daga 840 G1 zuwa sama babu. Waɗannan su ne kwamfutocin da suka cika kasuwanninmu, daga Computer Village ta Ikeja har zuwa nan, shi ya sa na jero su.

Akwai kuma wani ruɗin da ya fi wannan yaɗuwa, shi ne ɗaukar i7 a matsayin sarauniya ko da wace shekara aka haife ta. Mutum zai shigo ya ce, "Injiniya, ni dai i7 nake so," ka tambaye shi wace i7, sai ya tsaya yana kallonka. A cikin kowace furosesa akwai ƙwayoyin aiki, kamar a ce magina a wurin gini: magina huɗu sun fi biyu saurin ɗaga bango idan akwai bulo da siminti a kusa. To i7-2620M ƙwaya biyu gare ta, daidai da i5-2520M. Bambancinsu a gudu 2.7 GHz ne da 2.5 GHz. Wanda ya cire wannan i5 ya saka waccan i7 ya kashe kuɗi ne a kan abin da idonsa ba zai gani ba. Haka i7-3520M, ita ma ƙwaya biyu ce. A ɗaya gefen, i5-8250U da ta fito a 2017 ƙwaya huɗu gare ta, ta kuma fi i7-7500U ƙarfi nesa ba kusa ba, duk da cewa sunan waccan ya fi girma. Sau da yawa nakan ga uba ya ƙara kuɗi ya saya wa ɗansa tsohuwar i7, ya bar i5 sabuwa da ta fi ta komai a kan kanta, saboda kawai bakwai ta fi biyar.

Kada a ɗauka ina cewa canjin ba ya amfani sam. Yana yi, idan an dace da kwamfutar da kuma aikin. Akwai wani matashi mai haɗa bidiyon biki da suna, wanda ke kawo mini aiki shekara da shekaru. ThinkPad T440p gare shi, mai i5-4300M, ƙwaya biyu. Ram ɗinsa ya riga ya kai 16 GB, ya riga ya saka SSD, wato rumbun ajiya mai sauri mara faifai, amma idan ya zo fitar da bidiyo sai ya kunna ya kwanta, ga masu biki suna ta kiran waya. Wannan shi ne mutumin da furosesa ce da gaske ta tsaya masa, domin aikin fitar da bidiyo yana cinye duk ƙwayoyin da aka ba shi. Na nemo masa i7-4702MQ, mai ƙwaya huɗu. Na zaɓe ta ne a kan i7-4700MQ da ta fi samuwa, saboda ita wat 37 take ci, daidai da tsohuwar da na cire, waccan kuwa wat 47 ce, kuma yawan wat shi ne yawan zafi. Lokacin fitar da bidiyonsa ya ragu sosai, har yau yana aiki da ita. Amma a lura da sharuɗɗan da suka taru a kansa: kwamfutar tana da soket, ya gama gyara sauran abubuwan da ke jawo nauyi, aikinsa na buƙatar ƙwayoyi da yawa, kuma an samu wadda zafinta bai wuce abin da fankar za ta iya ɗauka ba. A cikin mutum goma da ke zuwa mini da wannan buƙata, da ƙyar nake samun ɗaya da ya cika su.

Maganar zafin nan ita ce na fi so a ji, domin mu a nan ba a Turai muke ba. Kowace laftof an auna mata bututun tagulla da fanka masu sanyaya ta daidai da zafin furosesar da aka yi ta da ita. Idan an yi ta domin wat 35, irin su i5-3320M, ka ɗora mata i7-3630QM mai wat 45, za ta kunnu, za ta yi aiki, mai ita zai tafi gida yana murna. Sai watan Afrilu ya zo, zafin Kano ya kai digiri arba'in, babu wutar NEPA balle fanka ta juya a ɗaki, kwamfutar tana kan katifa ko kan cinya an toshe mata hanyar iska. Idan furosesa ta doshi digiri ɗari, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Sai ka tarar i7 ɗin da aka kashe wa kuɗi tana tafiya ƙasa da i5 ɗin da aka cire. Wata kuma kashe kanta take yi ana tsakiyar aiki. Ga caja: wadda ta zo da wat 65 ba lallai ta wadatar da mai ƙwaya huɗu ba, wasu samfuran sai an koma ta wat 90, in ba haka ba su ƙi sakin cikakken gudu. Batir ma ya riƙa ƙarewa da wuri, a garin da batir shi ne rabin amfanin laftof. Ga mai zubi na uku da ya nace sai ƙwaya huɗu, akwai i7-3612QM da i7-3632QM masu wat 35, su nake ba da shawara. Sai dai a kula wajen saye, domin waɗannan biyun ana yin su iri biyu da suna ɗaya, mai allurai da ta liƙawa. A juya ƙasanta a gani da ido kafin a biya.

Shiga soket ma ba ya nufin za ta yi aiki. Wannan darasin da kuɗina na saye shi. Shekarun baya wani malamin makarantar sakandare ya kawo mini laftof mai Pentium ta zubi na uku, yana so a ƙara mata ƙarfi. Na duba soket, G2 ne. Ina da i5 a aljihun tebur, na saka, ta kunnu, Windows ta tashi, na gwada ta na 'yan mintuna na ba shi. Washegari ya dawo, ya ce tana mutuwa da kanta. Na zaci zafi ne, na sake shafa mata man sanyaya da ake sa wa tsakanin furosesa da bututun tagulla. Ta sake mutuwa. Na canza ram, na canza caja, duk a banza. Sai da na ajiye agogo a gabana na lura cewa duk lokacin da ta cika minti talatin daidai take ɗaukewa, ko ana aiki ko ba a yi. Ashe bod ɗin yana ɗauke da cifset, wato ɗan abin da ke haɗa furosesa da sauran kayan bod, samfurin HM70, wanda aka yi domin ƙananan furosesocin Pentium da Celeron kawai. Idan aka saka masa i3, i5 ko i7, bayan rabin awa sai ya kashe kwamfutar. Laifina ne, ban duba cifset ba kafin in karɓi aikin. Na mayar masa da Pentium ɗinsa da kuɗinsa, na ba shi haƙuri kan kwanakin da na ɓata masa ana tsakiyar haɗa sakamakon jarrabawa. Tun daga ranar ba na taɓa furosesa sai na san cifset. HM76, HM77 da QM77 suna karɓar zubi na biyu da na uku. HM65 da QM67 kuwa a zubi na biyu suka tsaya, duk da cewa ta zubi na uku za ta zauna daram a soket ɗinsu. Za ka danna maɓalli ka ga baƙin gilashi kawai. Bayan cifset akwai BIOS, manhajar cikin bod da ke fara tayar da kwamfuta, wanda shi ma sai ya san furosesar, kuma idan za a sabunta shi, tun tsohuwar tana ciki ake yi.

Ga 'yan uwana masu gyara, musamman yaran da ke koyo, aikin kansa ba shi da wuya amma ba ya son gaggawa. A cire caja da batir. A lokacin hunturu a taɓa ƙarfe kafin a taɓa bod, domin wutar da ke taruwa a jiki saboda bushewar iska, wadda kake ji ta ɗan tsunkule ka idan ka kama ƙofar mota, ta isa ta kashe bod. Notocin bututun tagulla suna da lambobi a jikinsu, a bi su. Notin soket rabin juyi ake yi masa. Akwai ɗan alama mai kusurwa uku, ruwan zinare, a gefe ɗaya na furosesar, a daidaita shi da na soket, a sake ta ta zauna da kanta. Idan sai an danna, to ba daidai take ba, kuma allura ɗaya ta lanƙwashe an shiga uku. A goge tsohon man sanyaya tas da sifirit, a ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa. Na sha buɗe kwamfuta in tarar an shafa man goge baki a wurin. Yana bushewa cikin 'yan kwanaki ya zama kamar alli. Sannan a gwada ta da aiki mai nauyi na fiye da awa ɗaya ana kallon zafinta, kafin a kira mai ita.

Wani zai ce ai ya ga bidiyo ana cire furosesar da aka liƙa. Gaskiya ne, ana yi, a Shenzhen ta ƙasar Sin akwai waɗanda wannan ce sana'arsu. Amma a san abin da ake magana a kai. Irin furosesar ɗalibar nan tana zaune ne a kan ƙananan ƙwallayen dalma guda 1168. Sai an gasa bod ya wuce digiri 200 da inji na musamman mai auna zafi sama da ƙasa, a ɗaga ta, a share wurin, a jera sababbin ƙwallaye, a sake gasawa, kuma ko ɗaya kada ya haɗe da maƙwabcinsa. Bulowar gyaran waya ba ta wannan aikin. Ko an yi nasara, abin da za a iya mayarwa a gurbin 'yar gidansu ce mai ƙwaya biyu, wadda bambancinta da ta farko bai taka kara ya karya ba. Kuɗin aikin da haɗarin rasa bod gaba ɗaya sun fi ribar. Duk wanda ya ce maka zai yi maka wannan a kwana biyu a kan benci, ka ce ya yi a gabanka.

Abin da ya fi ba ni takaici a lamarin ɗalibar nan shi ne, ciwon kwamfutarta a fili yake, maganinsa kuma bai kai abin da aka karɓe mata ba. Da na buɗe murfin ƙasa, had dis ne a ciki, wato tsohon samfurin rumbun ajiya mai faifai, na 500 GB, irin mai juyi 5400 a minti, ya tsufa har yana ƙara. Ram 4 GB ne tak, sanda ɗaya, ga gurbi na biyu a buɗe babu komai. Fankar kuwa ƙurar hunturu ta yi mata dam kamar auduga, man sanyaya ya bushe ya farfashe. Furosesar ba ta da laifi, zaman jira take yi: magini ne a tsaye, jaki ɗaya ke kawo masa bulo. Had dis mai lafiya yana karanta abin da bai fi megabait ɗari da 'yan kai ba a daƙiƙa, SSD na SATA, wanda ke shiga gurbin had dis, yana kai wajen ɗari biyar, kuma wajen tsinto ƙananan fayiloli da ke warwatse, wanda shi ne aikin da Windows ta fi yi yayin tashi, tazarar ta fi haka yawa. A kwamfuta goma da ake kawo mini da kukan nauyi, mafi yawansu wannan ne ciwonsu. SSD, ƙarin ram, wanke fanka, sabon man sanyaya, da sauke tarkacen manhajojin da ke tashi tare da Windows. Ko a ram ɗin ma a kula: masu zubi na huɗu DDR3L suke so, mai bolt 1.35, idan aka saka musu DDR3 na da mai 1.5, da yawansu ba sa kunnuwa.

Akwai wani lissafin da ya kamata duk mai shirin kashe kuɗi a tsohuwar kwamfuta ya yi. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuma a hukumance tana buƙatar furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, da wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0. Ke nan duk tsohuwar laftof ɗin da furosesarta ke ciruwa, ko ka saka mata i7 mafi ƙarfi da soket ɗin zai ɗauka, ba ta shiga wannan layin ba, tunda a zubi na huɗu aka tsaya. Akwai dabarun tsallake sharaɗin, muna yi wa wanda ya nema, amma nakan gaya masa cewa kamfanin bai ɗauki alkawarin ci gaba da turo masa sabuntawa ba. Wasu nakan saka musu Linux Mint a madadin Windows, idan aikinsu rubutu ne da shiga intanet, kuma tsofaffin ThinkPad da Latitude suna tafiya da ita lafiya lau. Wanda kuwa aikinsa ya dogara da manhajojin Windows, kuma yana da halin ƙarawa, gara ya sayar da tsohuwar ya cika ya sayi mai zubi na takwas, ko da i5 ce. Na san halin da ake ciki, kayan nan da dala ake shigo da su, ba kowa ke iya wannan ba. Shi ya sa ma ɗan abin da mutum ya tara bai kamata ya tafi a sitika ba.

Malam Edita, roƙona gare ku shi ne ku riƙa ware ɗan fili a shafinku na kimiyya kuna koya wa mutane karanta lambar furosesa, musamman a lokacin da ɗalibai ke komawa makaranta, domin a lokacin ne iyaye ke cika kasuwa. Shugabannin ƙungiyoyin masu sayar da kwamfuta da masu gyara kuma, ina kira gare su da su wajabta rubuta cikakkiyar lambar furosesa, da adadin ram, da irin dis a kan rasit, ba "Core i7" kawai ba. Idan an canza wa mutum wani abu, a miƙa masa tsohon a hannunsa. Wanda ya cire furosesa da gaske ba zai rasa tsohuwar da zai nuna ba. Mu da muke cin abinci a wannan sana'a mu ne za mu fara shan kunya idan mutane suka daina yarda da mu, kuma yaran da ke zaune a shagunanmu suna kallon abin da muke yi, shi za su ɗauka.

Ɗalibar nan dai yayanta ya sayo SSD na 256 GB da sandar ram ta 8 GB, na haɗa da ta 4 da ke ciki ya zama 12. Na wanke fankar, na shafa sabon man sanyaya, na sauke mata Windows sabuwa, na mayar mata da fayilolin zanenta. Tsohon had dis ɗin na saka mata shi a ɗan akwati ta riƙa ajiya a ciki, tare da gargaɗin kada ta dogara da shi shi kaɗai tunda ya fara ƙara. Da muka kunna, ba ta gama gyara zaman jakarta ba kwamfutar ta tashi. Na gaya mata gaskiya cewa idan ta kai ga manyan zane masu fuska uku za ta ji iyakar wannan i5 ɗin, amma za ta kai ta ƙarshen furojet ɗinta in sha Allahu. Na sa farce zan ɓare sitikar i7 ɗin in jefar, sai ta ce, "Baba, ba ni ita, zan nuna wa 'yan ajinmu, akwai mutum biyu da ke tara kuɗi za su kai tasu."

Na gode da ba ni wannan fili. Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Wassalam.

Naku,
Mai gyaran kwamfuta, daga Kano